Idan wani ya mutu a hannunka a wasan ban tsoro, a koma baya ne ko a haƙura?

Baƙon Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna buga wasannin bidiyo na ban tsoro irin waɗanda ake tafiyar da su tamkar fim, inda aikin mai wasa shi ne ya yanke shawara a madadin mutanen labarin, labarin kuma ya karkata zuwa inda shawarar ta kai shi. Tun da farko ina gargaɗin wanda bai buga Until Dawn ba cewa zan taɓa ƙarshen labarin, saboda haka wanda ba ya so a ɓata masa, gara ya tsaya a nan.

Na san wasan ya kwana biyu, domin tun a 2015 ya fito a kan PlayStation 4, amma ni sai a wannan makon na samu damar buga shi. Dare uku na kwashe ina lallaɓa matasa takwas na labarin a kan dutsen Blackwood, ina leƙa kowane lungu, ina tsintar sassaƙaƙƙun itatuwan nan da ke haska wa mutum ɗan guntun abin da ka iya faruwa nan gaba, kuma ba na ba da amsa sai na yi tunani sau biyu idan lokaci ya bari. Har na kai babi na goma, wanda shi ne na ƙarshe, babu ko mutum ɗaya da ya mutu a hannuna. Ana dab da gari ya waye, sai ga Sam, ɗaya daga cikin 'yan matan, a tsaye cikin falon gidan da suka sauka, dodon ya kawo fuskarsa kusa da tata, allon kuma ya umarce ni da kada in motsa. Na riƙe na'urar hannu gam, na ɗauke numfashi, tafin hannuna ya jiƙe da gumi, na'urar kuma tana ta ɓari a hannuna. Ban san lokacin da wuyan hannuna ya ɗan karkace ba. Kafin in ankara dodon ya kashe Sam, kuma abin da ya biyo baya ko kallonsa ban iya yi da kyau ba saboda takaici.

Abin da ke damuna kashi biyu ne. Na farko, yanzu da na gama wasan an buɗe mini damar zaɓen babi, wato ina iya komawa babi na goma in sake gwadawa har Sam ta tsira, to amma zuciyata ta ƙi yarda cewa wannan ƙarshen zai zama nawa na gaskiya. Na biyu kuma, shin adalci ne wasan da aka gina a kan shawara da tunani ya kashe mini mutum saboda rawar hannu, alhali ban yi kuskure a shawara ko ɗaya ba? Ina so in ji yadda ku kuke yi idan haka ta same ku.

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kuma sannu da rashi, domin duk wanda ya buga wannan wasa ya san zafin wannan wurin. Amsata a taƙaice ita ce ka bar Sam a inda ta faɗi, amma bari in yi bayanin dalilina, tunda ba don taurin kai nake faɗin haka ba.

Kamfanin Supermassive Games na garin Guildford a Ingila da gangan ya tsara wasan yana adana kansa bayan kowane muhimmin mataki, ba tare da ya ba ka damar ajiye wani wuri dabam da za ka koma ba. Da zarar ka zaɓa, bakin alƙalami ya bushe. Wannan tsari shi ne tushen tsoron gaba ɗaya. Ka duba sauran wasannin ban tsoro, inda idan dodo ya kama ka sai a mayar da kai baya kaɗan ka sake gwadawa: karon farko gabanka zai faɗi, karo na biyu za ka ɗan razana, amma a karo na biyar dodon ya zama abin haushi kawai, ka haddace inda zai ɓullo da inda zai juya, kana ma iya hamma a gabansa. Mutuwar da ake warwarewa ba ta tsorata kowa. Abin da ya sa tafin hannunka ya jiƙe da gumi a wannan falo shi ne ka san cewa dama ɗaya gare ka, kuma da a ce tun farko ka san kana iya sakewa sau goma, da ko gezau ba za ka yi ba. Ba su ne suka fara wannan dabara ba. Heavy Rain na kamfanin Quantic Dream, wanda ya fito a 2010, yana da manyan jarumai huɗu, kuma idan wani ya mutu labarin yana ci gaba ba tare da shi ba, sai dai a Until Dawn ne aka ɗora dabarar a kan labarin ban tsoro ta zauna daram.

Ni Ashley, wata daga cikin matasan, na rasa a bugun farko, kuma laifina ne tsantsa. A cikin hanyar ƙarƙashin ƙasa ta ji murya kamar ta ƙawarsu Jessica tana neman taimako, aka ba ni zaɓi ko in bi sauran ko in je in duba. Na riga na karanta a cikin wasan cewa dodannin suna kwaikwayon muryar mutane, amma tausayi ya rinjaye ni, na bi muryar, na kuma buɗe ƙofar nan ta ƙasa da ake bubbugawa. Shekaru ke nan da yin haka, amma har yau ina tuna ƙarar bubbugawar da yadda yatsana ya tsaya a kan maɓalli yana jinkiri. Na sake buga wasan daga baya na fitar da dukkansu takwas, kuma wallahi wannan bugun ban riƙe komai daga cikinsa ba, domin ina bin hanyar da na riga na sani ne kawai.

Ka kuma lura da yadda wasan yake rufewa, inda 'yan sanda ke yi wa waɗanda suka tsira tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya mutu babu shi a wannan zama, kuma wannan giɓin shi ne shaidar daren da kai ka yi da hannunka. Idan ka koma ka cike shi, ka samu kyakkyawan ƙarshe, amma ka shafe abin da ya bambanta darenka da na kowa.

Ƙwanƙwasa ya amsa:

Malam Tsohon Hannu, na yarda da kai cewa bugun farko shi ne na gaskiya, amma dalilina ya saɓa da naka, kuma ina ganin kana yi wa waɗannan wasanni yabon da ya wuce kima. Bugun farko ya fi daɗi ne saboda a lokacin mutum bai gano yawan rufa-idon da ke ciki ba.

A yi lissafi mai sauƙi. Idan kowace shawara tana raba labari gida biyu na haƙiƙa, shawara goma za ta haifar da hanyoyi 1,024, shawara ashirin kuma ta haifar da fiye da miliyan ɗaya. Babu kamfanin da zai iya ɗaukar 'yan wasan kwaikwayo, ya naɗi murya da motsin fuskarsu, ya zana wurare na wannan adadi. Saboda haka abin da suke yi shi ne su bar hanyar ta rabu na ɗan lokaci, sannan su sake haɗe ta a gaba ba tare da mai wasa ya lura ba. Until Dawn yana ta nuna maka hoton malam-buɗe-littafi a gefen allo, yana tuna maka da ra'ayin nan da aka sani daga binciken masanin yanayi Edward Lorenz, cewa ƙaramin abu kan iya jawo babban sauyi daga baya. To amma ka duba wurin da aka ɗaure Josh da Ashley a gaban zarto, aka ce abokinsu Chris ya zaɓi wanda zai tsira. Duk wanda ka zaɓa, zarton wajen Josh yake nufa, domin labarin yana bukatar haka. Ka kuma duba Sam da Mike, waɗanda ba sa iya mutuwa sai a babi na ƙarshe. Duk tsallen da ka yi da Mike cikin fargaba a tsakiyar wasan, ransa ba ya cikin haɗari, ko da yake jinkirinsa a wajen bin Jessica yana iya jawo tata mutuwar. Mutum takwas, kowanne ko ya rayu ko ya mutu, lissafi ya ba da 256, amma gidan da ake ƙarewa a ciki ɗaya ne, wayewar garin ma ɗaya ce.

Haka abin yake a The Quarry na 2022, wani wasan na Supermassive, wanda masu shi suka ce yana da ƙarshe iri 186. Idan ka bincika za ka tarar yawancin bambancin shi ne wane ne ya rayu, a wane hali ya rayu, da kuma irin hujjojin da aka tattara, amma ƙashin bayan labarin bai cika sauyawa ba. The Walking Dead na kamfanin Telltale, tun a 2012, ya shahara da rubuta maka a saman allo cewa wane zai tuna abin da ka yi masa, alhali makomar Lee, jarumin wasan, ɗaya ce ko me ka zaɓa. Ban ce wannan zamba ce ba, sana'a ce, kuma wani lokaci sana'a ce mai kyau ƙwarai. Abin da nake cewa shi ne kada ɗan'uwanmu ya ɗauki mutuwar Sam tamkar wani hukunci mai tsarki da ba a taɓawa.

Game da tambayarsa ta biyu kuwa, ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Gwajin tsayawa cak ya dogara ne da na'urar gane motsi da ke cikin abin riƙon, kuma wannan na'ura ba ta bambance mai tsoro da mai rawar hannu ta halitta, ko wanda ya zauna a karkace. Su kansu waɗanda suka ƙirƙiri wasan ba su ci gaba da wannan salo ba. A jerin wasanninsu na The Dark Pictures sun mayar da shi danna maɓalli daidai da bugun zuciya, a The Quarry kuma sun mayar da shi riƙe maɓalli a matsayin ɗauke numfashi har haɗarin ya wuce. A The Quarry ɗin ma sun ƙara tsarin da ke ba mutum dama uku ya warware mutuwa ya koma baya. Idan masu abu da kansu sun buɗe ƙofar komawa, ban ga dalilin da zai sa mu fi su tsanani ba. Ka koma babi na goma, ɗan'uwa, ka ceci yarinyar nan, hankalinka ya kwanta.

Yaya Babba ta amsa:

Sannunku da muhawara. Ni dai ina ganin ku biyun kun haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, kuma ƙanena mai tambaya shi ya fi ku kusa da gano bambancin, tunda da kansa ya kasa damuwarsa kashi biyu.

Akwai mutuwar da shawara ta jawo, akwai kuma wadda yatsa ya jawo. Ta farko ba na taɓa warware ta. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Chris da bindiga, lokacin da aka tilasta masa ya harbi kansa ko ya harbi Ashley. Bindigar babu harsashin gaske a cikinta, don haka a wannan lokaci babu wanda ya mutu, mai wasa sai ya ɗauka an wuce wurin. Amma idan ya nuna ta ga Ashley ya danna, to daga baya, lokacin da Chris ya zo da gudu dodo na biye da shi yana dukan ƙofa, sai ta tsaya tana kallonsa ta ƙi buɗewa. Wannan mutuwa tana da uwa tana da uba, kuma duk wanda ta same shi ya san daga inda ta fito. Komawa baya a gyara irin wannan gudun alhaki ne. Amma mutuwar da ta zo don hannu ya karkace da ɗan kaɗan, ba ta gaya maka komai game da halinka ko halin Sam ba, don haka ban ga laifin wanda ya sake ta ba, ban kuma ga laifin wanda ya bar ta ba.

Inda na saɓa da Malam Ƙwanƙwasa shi ne batun zarto. Gaskiya ne zarton wuri ɗaya yake zuwa, amma a daƙiƙun nan da lokaci ke ƙurewa, mai wasa bai san haka ba, kuma hannunsa ya riga ya nuna wanda ya fi so ya rayu. Mu uku muka buga wannan wurin, ni da ƙannena biyu waɗanda duk sun girma, muna miƙa wa juna na'urar. Ƙaramar ce ke riƙe da ita, ta zaɓi ta ceci Josh, ɗayar kuwa ta juyo ta dube ta da mamaki ta ce ashe haka za ki yi mini. Labarin da ke kan allo bai sauya ba, amma mun fi rabin awa muna gardama a kan wanda ya cancanci a ceta da dalilin haka, har sai da muka dakatar da wasan. Ban yarda a kira shawarar da ta jawo wannan gardama rufa-ido ba.

Wannan ma ya sa nake ganin jerin The Dark Pictures ya fi dacewa da buga wa tare, ko da yake labaransa ba su kai na Until Dawn ƙarfi ba a ganina. Tun daga Man of Medan na 2019 suka sa tsarin da mutum har biyar za su zauna wuri ɗaya, kowa ya ɗauki nasa jarumi, na'urar tana zagayawa. Akwai kuma tsarin mutum biyu ta intanet, wanda a Man of Medan ya ba ni tsoro fiye da kowane dodo, domin a cikin tsohon jirgin ruwan nan akwai wani sinadari da ke sa mutane ganin abin da babu shi, kuma allon kowane mai wasa yana nuna masa abin da nasa jarumin yake gani ne kawai. Kana iya ɗaga makami a kan abin da kake gani dodo ne, alhali abokin wasanka ne tsaye yana mamakin me ya same ka. A irin wannan zama, idan wani ya mutu, babu mai maganar komawa baya, domin kowa ya ga yadda abin ya faru, kuma sai an yi kwanaki ana tsokanar wanda ya yi sanadi. Sai dai a kula, wasannin nan na manya ne, masu tantance wasanni sun sa musu alamar manya saboda zubar da jini da ke ciki, don haka ba abin da za a zauna da yara a kalla ba ne.

Baƙon Dare ya sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, musamman Yaya, domin rabewar da kika yi ta warware mini abin da na kasa faɗa da bakina. Jiya da dare na koma babi na goma, ba don in sauya tarihi ba, sai don in ga yadda wurin yake idan an tsallake shi. Na dafa gwiwar hannuna a kan cinyata, na jingina bayana, na wuce gwajin a karo na biyu, Sam ta kai ga makunnin wuta ta fita da ranta. Na ji daɗi, amma dole in amsa wa Malam Tsohon Hannu cewa daɗin bai kai rabin zafin na farko ba, kuma da wani zai tambaye ni yadda wasana ya ƙare, har yanzu cewa zan yi na rasa Sam ana saura ƙiris. Maganar Malam Ƙwanƙwasa ma na ga gaskiyarta, domin da na sake kallon babin na lura da wuraren da aka ɗinke hanyoyin, inda ake yanke hoto da sauri don kada a nuna wanda wataƙila ya riga ya mutu a wasan wani.

Yanzu ina neman wanda zan buga na gaba, kuma na fi son wanda shawara ta fi yatsa nauyi a cikinsa. Wanne za ku ba ni?

Tsohon Hannu ya amsa:

Ka nemi House of Ashes na 2021. Labarin yana faruwa ne a Iraƙi a shekarar 2003, inda ƙasa ta rufta da sojojin Amurka da wani sojan Iraƙi mai suna Salim, suka faɗa cikin wani tsohon wurin bauta na daular Akkad da ke binne a ƙarƙashin duwatsu. Abin da zai dace da bukatarka shi ne dangantakar Salim da Jason, sojan Amurka da ya fara da ƙiyayya gare shi, domin yadda kake sa su yi wa juna magana da abin da kowanne ya yi lokacin da ɗayan ke cikin haɗari suna taruwa a hankali har su yi tasiri a ƙarshe. Wasan yana da matakan wahala guda uku, saboda haka ka zaɓi mafi sauƙi idan ba ka so saurin danna maɓalli ya sake yi maka irin ta Sam, ka kuma shiga wurin saituna ka duba abin da aka tanada game da lokacin dannawa. Little Hope na 2020 ka bar shi sai daga baya, domin yadda ya ƙare ya raba kan jama'a sosai, kuma mai tambaya irin taka zai iya jin an yi wasa da hankalinsa.

Abu ɗaya kawai nake roƙonka: kada ka buɗe wani shafi ko bidiyo da ke bayanin yadda ake ceton kowa kafin ka gama bugun farko. Idan ka kai wurin da aka ba ka zaɓi a kan igiyar da ke riƙe da mutum biyu, ka dawo ka gaya mana abin da ka yi.